Keken Da Aka Ce Ya Karye A Tsakiya

Ku samarin nan da kuke zuwa gindin dogonyaron nan kuna rige-rigen zama a kan kujera mai katifa, na sha jin ku kuna cewa gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo, ko yaro ya kalla sau biyu zai iya. Ba na jin haushi. Ni ma da nake kamar ku haka na ɗauka, har ranar da mahaifina ya riƙo hannuna ya kawo ni wurin Malam Sidi, a nan bakin tashar Boɗinga, ya ce ga shi nan, a koya masa abin da zai ci abinci. Sunana Mamman, amma tun daga lokacin babu mai kirana sai da Mamman Faci, har matata in ta so tsokana.

Aikin farko da Malam Sidi ya ɗora mini ba faci ba ne. Wata ƙafar keke ya miƙo mini, ta baya, wadda amalanken shanu ya bi ta kanta, ta murɗe kamar faifan da aka zauna a kai. Ya ba ni ɗan makullin ɗaure waya, ya ce in miƙar da ita, ya juya ya ci gaba da cin goronsa. Na ɗaure wayar nan, can ya karkace. Na koma can na ɗaure, nan ya tashi. Har la'asar ina fama, gumi ya jiƙa mini riga, ƙafar nan kuwa sai ƙara lalacewa take yi. Da ya ga na kusa kuka sai ya karɓa, ya ɗora ta a cinya yana taɓa wayoyin da farce ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kusa, kamar mai gyara tsirkiyar gurmi. Wadda ta yi ƙara sama ya sassauta, wadda ta yi ƙasa ya ɗan ja. Kafin a kira magariba ƙafar tana juyawa sumul. Ya nuna mini wata da ta fi ta murɗewa, ya ce wannan ta gobe ce.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma yawancinsu suna cikin akwatin nan har yau: sufanu, filaya, ƙaramar guduma, cokulan cire taya da maƙeri ya buga mana daga rodi, gwangwanin giris, kwanon ruwa na neman huji, da famfon da na canza wa fata ban san iyaka ba. Abin da ya fi su nauyi shi ne dokar Malam Sidi. Kullum yana cewa a jikin keke ƙafafu da sarƙa da feda da kai ne kaɗai aka yarda su motsa. Duk abin da ya yi motsi bayan waɗannan ciwo ne, a ɗaure shi, in ya ƙi ɗauruwa a kai wa mai walda. Kuma yana da gaskiya, don kekunan da muka tashi da su baƙaƙen nan ne na ƙarfe, waɗanda in suka fara lilo to karyewa za su yi. Duk mai gyara da maƙeri da mai walda daga Sifawa har Shagari da wannan doka ya tashi.

Masu kawo gyara kuwa kala-kala ne. Na tuna wani manomin albasa da ya kawo mini tib wanda facin jikinsa ya fi robar asali yawa. Na hura shi na tsoma a kwano, ruwa ya hau tafasa ta ko'ina, shi kuwa ya dage huji ɗaya ya sani. Ban yi gardama ba, na toshe su duka, sannan na shafa cikin tayar da yatsa na zaro ƙayar aduwa da ta daɗe a ciki tana yi masa ɓarna. Wanda bai san aiki ba zai yi faci ya mayar, gobe mai keke ya dawo yana zagi. Wasu kuma su zo su ce keken yana kuka, ka tambaya daga ina, su ce ai kai ne likita. Sai ka hau ka zagaya tasha kana saurare, ka dawo ka sa hannu daidai wurin.

Ga kuma maganar kariya, wato mazaunin kaya na baya. A ƙasar nan mutum ba ya sayen keke ya wuce gida da shi kai tsaye. Sai ya biya ta wurin mai walda an cire 'yar siririyar da ta zo da shi, an sa ta gida: rodi biyu masu kauri su tashi tsaye daga gindin ƙafar baya, wasu biyu su kama ƙarƙashin sirdi, a shimfiɗa faffaɗan ƙarfe a sama. A kanta ake ɗora buhun albasa, da damin gero, da rago ranar kasuwa, da tsohuwa in za a kai ta asibiti. Keken da ba shi da irin wannan kariya, a wurinmu na wasan yara ne.

Shekarar da babura suka cika gari ita ce shekarar da na ji jiki. Malam Sidi ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa, rumfar ta dawo hannuna. Duk wanda ya sayar da albasa sai ya sayi babur, ya jefa kekensa bayan rumbu kaji suna kwana a kai. Sai in wuni ban buɗe akwati ba. Abokan sana'ata wasu suka koma gyaran babur, wasu suka tafi ci-rani, ni ma na fara tunanin ɗaure kayana. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, Bube mai ƙwai. Sa'ana ne, daga wani ƙauye da ke tsakaninmu da Shagari, nesa da kwalta. Da damina yana bin rugage da ƙauyuka yana sayen ƙwan zabi da na kaji, ya jera su a kwando cikin ƙaiƙayi, ya kawo wa masu shayin Boɗinga da na Shagari. Da rani ya koma tumatir da tattasai na fadamar Danchadi. Ya ce shi ba zai hau abin da sai an ba shi sha kafin ya tafi ba. Kowace ranar kasuwa sai ya jingine kekensa a nan, ko babu abin da ya same shi, ya ce in duba masa birki. Na san birkin lafiya lau yake, shi ma ya sani. Ya zauna mu yi ta gardamar wanda ya girmi wani, in zai tafi ya bar mini ƙwai a cikin hulata. Da haka na kai lokacin da man fetur ya yi tsada, mutane suka koma bayan rumbu suna karkaɗe kashin kaji, layi ya dawo gindin bishiyar nan.

To amma shekaru ba su ƙyale Bube ba. Hanyoyin da yake bi sawun shanu ne da kunyoyin gona da tsakuwa, ga kwazazzabai da ruwa ke yankawa duk damina. Baƙin keke kuwa duk abin da ƙasa ta ba shi, kai tsaye yake miƙa wa ƙugun mai shi. Sai na lura in Bube ya iso ba ya sauka nan da nan. Sai ya dafa bishiya, ya zame a hankali, ya tsaya a sunkuye yana riƙe da baya kafin ya iya amsa gaisuwa. Babban ɗansa Sanusi, mai sayar da yadi a Sakkwato, ya kai shi asibiti, aka ce girgizar hanya ce, in bai rage ta ba wata rana ba zai iya tashi ba. Sanusi yaron kirki ne. Ya sa kafinta ya yi wa ubansa kujera mai katifa da wurin jingina, ya dire ta a ƙofar gida, ya ce daga yau nan ne wurin aikinsa, ci da sha kuma shi ya ɗauka.

Bube ya zo ya same ni a kan maganar. Ranar ko tsokanata bai yi ba.

"Mamman," ya ce, "yaron ga so shikai in zamna ƙohwar gida in ta ƙirgan awakin mutane. Ni in anka raba ni da hanya an gama da ni. Kowa nis sani, bisa hanya nis san shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa, kuma Sanusi ma gaskiya ya faɗa. Na ba shi haƙuri.

Keken ya zo ne cikin kayan gwanjo. Wani dillali da ke kawo kekunan Kwatano daga Sakkwato ya sauke mini wasu in gyara masa kafin kasuwa, a cikinsu akwai wani kore mai ƙiba da ban taɓa ganin irinsa ba. Tayoyinsa masu kauri ne kamar na babur, da ƙuraje-ƙuraje. A gaba, maimakon sandunan nan biyu da ke riƙe ƙafa, bututu ne masu shiga cikin juna. Birkinsa wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cikinsa. Jikin keken biyu ne, gaba daban baya daban, an haɗa su da gaɓoɓi masu boris, ga shokazoba mai shanye girgiza, irin na babur, a ƙarƙashin sirdi naɗe da ƙaton sifirin. In ka danna sirdin sai keken ya durƙusa kamar raƙumi, in ka saki ya miƙe. Mutane suka taru, kowa ya danna sai ya yi dariya ya ce ai wannan ya karye a tsakiya. Dillalin ya kai shi kasuwa ya dawo da shi, ya sake kaiwa ya sake dawowa da shi. Ba kariya, ga nauyi, ga karaya, wa zai saya?

Wani malamin makaranta ne ya nuna mini a wayarsa abin da aka ƙera keken dominsa. Wasu Turawa ne da hulunan kwano suna gangarowa daga kan duwatsu, suna tsalle daga tudu su dira ƙasa. Ba kaya suka ɗauko ba, ba kuma koro su aka yi ba, wasa ne kawai. Na ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Amma na sa ya maimaita mini, ina kallon ƙafar baya. Duk inda suka dira sai ta shige sama ta dawo, mai tuƙin kuwa ko gezau. A nan na gane wanda ya ƙera abin nan da gangan ya bar shi yana motsi.

Washegari, bayan an ɗauke ruwa, na hau shi. A kan kwalta ba zan yi muku ƙarya ba, ba shi da daɗi. Nauyi gare shi, tayoyin suna ƙugi, kuma duk taka feda sai ya ɗan duƙa ya cinye maka ƙarfi. Wani tsoho a baƙin keke ya wuce ni yana yi mini sannu. Amma da na saki kwalta na kama hanyar Danchadi sai keken ya nuna halinsa. Na nufi kunyoyin gona na ɗaure ciki ina jiran duka, dukan bai zo ba. Na bi ta tsakuwa, ina jin ƙararta a ƙasa amma ban ji ta a haƙorana ba. Na ga wani ɗan kwazazzabo, na yi bisimilla na faɗa, keken ya haɗiye shi ya fito ta can. Ni da furfurata sai ga ni ina dariya ni kaɗai a tsakiyar gonar mutane, har wasu mata masu tsinkar rama suka tsaya suna kallona. Na juyo na sake bin kwazazzabon don daɗi kawai. Tun a can na san keken na wane ne.

Na daidaita da dillalin, wanda ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Na kwance keken gaba ɗaya, na wanke gaɓoɓin da kananzir, na canza boris ɗin da suka ci, na cika giris. Da Bube ya zo na ce ya hau. Ya zagaya shi yana harara, ya ce shi da girmansa ba zai hau koren keke kamar ɗan makaranta ba. Na ce ai ba aurensa na ce ya yi ba. Ya hau, ya bi ta bayan tasha inda ramuka suke, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo bakinsa har kunne, ya ce kamar a kan katifa aka ɗauko shi. Sanusi ma da ya ji bayani ya yarda a gwada, amma ya kafa sharaɗi: in ciwon bayan ya sake tashi magana ta ƙare, sai kujera.

Saura kariya. Na ce wa Bube ya tafi da keken ya saba da shi, amma ya ba ni lokaci in yi tunani, don na ga irin tamu ba za ta yi ba, ko da yake ban gama gano wadda za ta yi ba. Sai dai damina ba ta jira, zabi suna ta zuba ƙwai a rugage. Sanusi ya zo gida ya tarar da uban yana ta ƙorafi, ya ce bari shi ya ɗauke masa wannan. Ya sa keken a mota ya kai Shagari wurin Ilu mai walda, wanda duk yankin nan an san kyan hannunsa.

Ilu ya yi abin da duk mai walda na kirki zai yi. Ya danna sirdi, ya ga keke ya durƙusa, ya yi salati ya ce wane mara imani ne ya ba dattijo karyayyen keke. Ya kwance shokazoban, ya yanko bututun ƙarfe daidai tsawonsa ya ɗaure a gurbin. Sannan ya yi masa kariya irin wadda muka gada, rodi daga gindin ƙafa har ƙarƙashin sirdi, mai ƙarfin ɗaukar buhu. Keke ya sandare, duk wanda ke wurin ya yaba. Sanusi ya koma da shi yana murna ya yi wa uba gyara.

Ni ban san an yi ba. Ranar kasuwa ta zo ban ga Bube ba, wata ta zo ban gan shi ba. Sai Haruna mai shayi na gefen tasha ya gaya mini ai Bube ya kwanta. Ya fita da koren keke ya dawo kwando yana ɗiga, har ƙwan zabi da aka sani da taurin ɓawo bai tsira ba, shi kuma sai da aka sauko da shi. Na rufe akwati na tafi ƙauyen.

Na same shi a ƙofar gida a kan kujerar, ya yi zugum, awakin mutane suna wucewa. Keken yana jingine a zaure, ina ganin bututun nan na gane komai. Sanusi yana nan. Ya durƙusa ya gaishe ni, amma fuskarsa ba wasa.

"Baba Mamman," ya ce, "mun gwada, ba ta yi ba. Ku yi haƙuri, ni ba ni son in rasa ubana saboda ƙwai."

Na ce masa ba a gwada ba tukuna, don abin da uban ya hau ba keken da na ba shi ba ne. Na nuna masa bututun, na nuna masa rodin, na sa ya danna sirdin da hannunsa ya ji yadda ya koma kamar turmi. Na roƙe shi fita ɗaya tak, in ciwon bayan ya lafa. Na ce shi ma ya biyo uban a babur ya gani da idonsa, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya tsai da shi nan take, ni kuma ba zan ƙara buɗe baki ba.  Idon Bube yana kan ɗansa. Daga ƙarshe Sanusi ya ce to, sau ɗaya.

Abin da ke raina a hanyar Shagari shi ne kada Ilu ya riga ya sayar wa 'yan gwangwan da shokazoban, don in ya tafi babu inda zan sami wani. Na tarar da shi a ƙofar shagonsa yana shan fura, zaune a kan wani tsohon sirdin babur da ya mayar abin zama, yana ɗan lilo sama da ƙasa kamar jariri a goye. Na leƙa ƙarƙashi. Ga shokazoban Bube nan, ya ƙera masa hannun ƙarfe ya ɗaure shi tsaf. Muka gaisa, na tambaye shi labarin koren keke.

"Malam Mamman, keken ga karye shike ga tsaka, taimako niy yi," in ji shi. "Amma ƙarhen ga da nic cire, wallahi tun da nis sa shi nan bayana ya bar ciwo."

Na ce, "To Ilu, kai da kake zamne wuri guda ka ɗau laushi, Bube mai bin kwazazzabai kab ba bututu?"

Ya tsaya da ludayi a hannu. Ya dubi ƙarƙashinsa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har fura ta sarƙe shi. Ya ce tunda yake bai taɓa cin amanar bayan mutum irin wannan ba. Da hannunsa ya kwance shi, yana kwancewa yana yi wa abin zaman nasa ta'aziyya.

Na je na ɗauko keken na kai Shagari, muka cire bututun da rodin, muka mayar da shokazoban. Sabuwar kariyar ni da Ilu muka yi ta, kuma rabin dabarar tasa ce. Jikin keken alminiyom ne, waldar Ilu ba ta kama shi, sai ya ƙera maɗaurai na ƙarfe masu noti, muka naɗa tsohon tib a ciki don kada su ci jikin. Duka a ɓangaren gaba muka kama su, a sandar sirdi da wadda ke ƙarƙashinta, kariyar ta miƙa baya ta tsaya a saman taya babu abin da ya haɗa ta da ƙafar. Ta farko da muka yi ta yi ƙasa. Na hau na diro daga dakalin shagon, taya ta tashi ta daki kariyar, muka kwance muka ɗaga ta fiye da taƙi. Hannun Ilu yana ta ƙaiƙayin ya ƙara rodi biyu zuwa gindin ƙafa, don ido bai saba ganin kariya ba ƙafafu ba, ni kuwa ina bugun hannun. Mun yarda ba za ta ɗauki buhun albasa ba. Kwandon ƙwai za ta ɗauka, don shi aka yi ta.

Da Bube ya samu sauƙi na kai masa. Na sa ya hau da kwandon, mun zuba yashi daidai nauyin ƙwai, ina murɗa zoben da ke matse sifirin, yana sauka yana hawa, har keken ya riƙa nutsewa kaɗan in ya zauna, ba can ƙasa ba. Na rage wa tayoyin iska, na ɗaga masa kan keken don kada ya riƙa sunkuyo. Na kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya zuba wa faifan birki baƙin mai in ya ji yana ƙara, kamar yadda muke yi wa komai a nan.

Ranar da aka sa, gari ya waye da taɓo ko'ina. Na buɗe rumfa da sassafe amma na kasa taɓa aikin kowa, idona yana kan hanya. Haruna ya jawo bencinsa ya dawo nan. Ilu ma ya hawo mota tun daga Shagari, wai yana da sayayya a kasuwa, ban kuwa ga ya sayi ko allura ba. Hantsi ya ɗaga, shiru. Tsoro ya fara kama ni, don in Sanusi ya tsai da shi a hanya, ni na riga na yi alkawarin yin shiru.

Can sai ga wani abu kore ya ɓullo ta bayan tasha, ta wajen ramukan nan, ba ma ta kwalta ba. Bube ne, taɓo har gwiwa, hula ta karkace. Ya kama birki a gabanmu. Kowa ya kalli kwandon, ni shi na kalla. Bai nemi bishiya ba. Ya zaro ƙafa ya sauka, ya tsaya a miƙe, ya yi mana sallama tun kafin mu buɗe baki. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun ranar da na fara miƙar da ƙafar keke da hannuna.

Haruna ya durƙusa yana tono ƙwai daga ƙaiƙayi yana ɗagawa a rana. Guda ɗaya ya samu da tsaga. Bube ya rantse tun a ruga zabuwar ta taka shi, Ilu ya ce shi shaida ne, ko da yake ba ya wurin. Sai da aka gama wannan Sanusi ya iso yana tura babur, shaddarsa ba ta ganuwa. Ashe a kwazazzabon farko ya maƙale, uban ya tsaya daga tsallake yana ba shi shawara, a na biyu kuma bai ma tsaya ba. Ya jingine babur ɗin ya tsaya yana kallon ubansa, wanda ke tsaye yana gardama da Haruna, hannu biyu a sama, babu ko ɗaya a ƙugu. Sannan ya matso kusa da ni.

"Baba Mamman, na gani," ya ce a hankali. "Amma ku hwaɗa mai shi rage nisa. Kuma ranar da jiki ya ƙi, shi hwaɗi gaskiya."

Na ce zan faɗa, kuma na faɗa. Rabi ya ji.

Damina nawa ke nan keken yana kan hanya, jikinsa ko tsaga babu. Abin da aka ƙera don a diro da shi daga kan dutse, kwandon ƙwai ba zai gajiyar da shi ba. Babban abokin gabansa yashi ne. Yana shiga gaɓoɓin ya ci boris, ya goge bututun gaba in an bar shi, shi ya sa na yanka tsohon tib na yi musu riga, kuma duk ƙarshen damina nake kwance shi in wanke in cika giris. Takalman birkinsa ba a samun su a nan, sai Sanusi ya nemo a Sakkwato, kuma shi da kansa yake tuna mini. Tun daga lokacin irin kekunan nan sun ɗan yawaita, wasu na kirki, wasu kuwa sifirin ɗin ado ne, kafin ka ankara sun fara kuka. In aka kai wa Ilu ɗaya aka ce ya sandare shi, korar mutum yake yi ya turo shi nan. Dokar Malam Sidi ban yar da ita ba, har gobe ita nake bi a baƙin keke. Na dai koyi tsayawa in duba ko maƙerin da gangan ya bar abu a sake, kafin in ɗauko sufana.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan gwajin, na hango Bube tafe a hankali da wani kaya a kan kariya wanda ba kwando ba, ya ɗaure shi da igiyar roba ƙafafu a sama. Na fara faɗa tun daga nesa, ina cewa ba mun ce ban da kaya mai nauyi ba? Bai kula ni ba. Ya sauka, ya kwance, ya dire abin a gindin bishiyar nan, ashe kujerar ce, ya karkaɗe katifar da hularsa.

"Sanusi yac ce in yi yadda nig ga dama da ita," ya ce. "Aje ta nan, Mamman. Wanda yag gaji shi zamna."

Ita ce wannan da kuke rige-rige a kai. Shi dai tun ranar bai ƙara zama a kanta ba, in ya zo a tsaye yake gardamarsa. Yau kuma kasuwa ce, don haka wanda ke kanta ya janye ƙafafunsa, nan Bube yake jingine keken.